Abarci Mahauci da Huhun Wule

Mu gidanmu mahauta ne tun kaka da kakanni, kuma ba na sunkuyar da kai in zan faɗa. Mutane su ci nama su side yatsu, sannan su koma gefe suna yatsina wa wanda ya yanka. Su ta shafa. Wanda zan ba da labarinsa kakan kakana ne, Abarci ɗan Jimrau, wanda ya yi zamaninsa tun Nasara bai sa ƙafa ƙasar nan ba. A lokacin, inda garin Dakoro yake yanzu daji ne, sai rijiyoyi jefi-jefi a kwarin Tarka, da rugagen Fulani masu sauka su tashi. Abarci ya baro Kornaka da matarsa Azara, ya kafa rumfa kusa da wata rijiya mai zurfi, don inda shanu suke taruwa nan mahauci yake samun abin yi.

An san shi da hali guda mai ban haushi, wato nawa. Wani mahaucin kan ka juya ya feɗe ya kasa nama. Abarci kuwa in ya buɗe cikin dabba sai ya tsuguna yana kallo, masu jira suna tsaki. Yakan juya tumbi ya duba wurin nan mai ramuka kamar saƙar zuma. Yakan ɓare hanta da yatsa ya ga 'yan tsaba-tsabar da ke cikinta. Amma huhu ya fi ɗauke masa hankali. Sai ya kama maƙogwaro ya hura, huhun ya tashi, fuskarsa ta nuna siraran layuka da suka rarraba ta kamar laka ta bushe a bakin tabki. Kowane yanki ɗaki ne mai bangonsa. In ya tsaga ɗaki guda da bakin wuƙa ya matsa, sai kumfa ta fito, kuma shi a ganinsa kowace ƙwayar kumfar nan wani ɗan ɗaki ce da numfashi yake kwana a ciki.

Azara takan leƙo ta ce, "Maigida, mutane na jira, kai kana leƙen huhu kamar ka aje wani abu ciki."

Shi kuma ya ce, "Ba ni na aje ba, amma akwai wanda ya aje. Jiki gari ne, Azara. Ɗaki cikin ɗaki, kowane da aikinshi. Inda idona ya tsaya ba nan ginin ya tsaya ba."

'Yan lakwal na yanzu, wato 'yan makarantar boko, suna cewa jikin kowane mai rai an gina shi da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace da fatar da ta kewaye ta, da ruwanta, da 'yan kayan aiki a ciki: wani yana samar da ƙarfi, wani yana share datti, a tsakiya kuma akwai mai riƙe da umarnin yadda komai zai gudana. Abarci bai taɓa ganin waɗannan ba, ɗakunan da idonsa ya iya kaiwa manya ne ƙwarai a kansu. Amma na tabbata da ya ji wannan karatu, da an rasa nama a rijiyar nan ranar, don sai ya zauna ya ji ƙarshensa.

Cikin Fulanin da suke shayarwa a rijiyar akwai wani Samba, mai jajayen shanu masu dogayen ƙahoni. Wata rana saniyarsa ta kasa haihuwa, maraƙin ya zo a karkace, ta kwanta tana nishi. Aka kira Abarci ya zo da wuƙa kafin ta zama mushe. Kowa ya san irin wannan rana ita ce sallar mahauci. Abarci ya zo, ya shafa cikinta, ya ajiye wuƙar, ya shafa wa hannunsa man shanu ya zura har kafaɗa. Ya san inda komai yake a ciki kamar yadda ya san ɗakin kwanansa. Ya juya maraƙin ya jawo shi da rai, uwar ma ta tashi. Ya wanke hannu ya koma rumfarsa babu ko tsoka.

Da kaka ta yi, sai ga Samba riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar wata karsana ja mai farin goshi, sunanta Wule. Ya ɗaure ta a turken rumfar Abarci. Wannan shi ne haɓɓanaye. Bafillace yakan ɗaura wa wanda ba shi da saniya karsana, ya kiwata, ya sha nononta, ta haifa masa 'ya'ya uku su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. In ta mutu mutuwar Allah, babu biya babu zargi. Amma ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ko ɗaga mata sanda. Amana ce mai ƙafa huɗu, kuma Fulani ba su cika ba da ita ga wanda ba nasu ba, balle mahauci.

Baffan Samba, wani tsoho mai suna Hamani, wanda shi ne babba a rugar, bai ɓoye ra'ayinsa ba. A bakin rijiya, kowa yana ji, ya ce, "An ba kura ajiyar nama. Mu dai muna kallo."

Maganar ta yi wa Abarci zafi, amma ya haɗiye. A zuriyarmu kaf, babu wanda ya taɓa mallakar saniya mai rai, mun saba ganinsu a kwance ne. Abarci ya riƙa tashi da asuba yana yanko wa Wule ciyawa, Azara tana ba ta dusa da kanwa tana yi mata hira kamar wata ƙanwarta. Da Wule ta ɗauki ciki, Azara har guɗa ta yi. Abin da ke cikin nan shi ne zai zama saniyarmu ta farko.

Bazara ta shigo da zafi, tabkuna suka ƙafe, garke a kan garke a rijiya guda. Samba ya kora takarkarai ya bi ayari zuwa arewa ɗauko gishirin dabbobi, tafiya mai nisa, ya bar shanunsa a hannun Hamani. Bai daɗe da tafiya ba wasu baƙin makiyaya suka sauko daga wajen Azagor suka shayar suka wuce. Abin da suka bari a baya shi ne tari.

Ciwon huhu ba ya ɓuya. Saniya ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, ta yi wani busasshen tari, kowane numfashi da nishi. Wasu su rame su tashi, da yawa kuma su kwanta kwanciyar ƙarshe. In ya shiga garke a bazara, yakan raba shi biyu ya tafi da rabi ko fiye. Makiyaya sun san maganinsa tun dā, kuma rigakafi ne. Ana yanko guntun huhun saniyar da ta kamu, a jiƙa shi a madara da dusa na ɗan lokaci, sannan a tsaga fatar doron hancin saniya mai lafiya a cusa mata kamar ƙwayar wake, shi ake kira dashe. Wurin ya kumbura, ta yi zazzaɓi, ta warke, ya bar mata wani ƙullu mai tauri a hanci kamar ɗan ƙaho. Daga nan ciwon ba ya kama ta. A doron hanci ake yi don fata ta manne da ƙashi, kumburin ba shi da wurin gudu.

Hamani ya san wannan duka, ba sai an koya masa ba. Ya aika aka kira Abarci ya yanka wata saniya da ta daɗe a kwance, rai ya kai mata maƙoshi, ya ciro huhun. Abarci ya yanka, ya buɗe, warin ya bugi kowa. Ya tsuguna ya tsaga huhun ya daɗe yana kallo. Babu ɗaki babu bango. Komai ya rushe ya haɗe, baƙi-baƙi, ga ruɓa tana tsiyaya.

Ya ce, "Baffa, wanga huhu ba shi dasuwa."

Hamani ya ce, "Ciwon ne ya kashe ta ko ba shi ba?"

"Shi ne ya hwara, amma ba shi kaɗai ke ciki ba yanzu. Ubana Jimrau ya gwada mani. Wanda a ka so, ɗakunan sun cika sun yi tauri kamar hanta, bangon ya yi kauri da ruwa rawaya garau, babu wari. Nan baƙo guda ne cikin gida. Wanga kuwa bango ya tsage, kowane ƙadangare ya samu wurin shiga. In kunka sa shi a hancin saniya, ba ku san mi kunka sa ba."

"To ina za a samu irin wanda kake so?"

Abarci ya nuna wata saniya da ke tsaye tana tari, tana kuma ɗan tsinkar ciyawa. "Irin waccan. Wadda ta hwara jiya ko shekaranjiya."

Bafillace ba ya yanka saniya mace tana tsaye da ƙafafunta, ko da yunwa za ta kashe shi, balle saniyar da mai ita ba ya nan. Hamani ya dubi Abarci sama da ƙasa ya ce, "Na san za a zo nan. Mahauci ya ga saniya tsaye, hannu yana mishi ƙaiƙayi. Waccan tana iya tashi. Shanun ɗana ne, ba ni sa wuƙa ga wadda Allah bai kayar ba. Yanko mani huhun ka tahi."

Abarci ya yanko ya ba shi. Hamani dai ba wawa ba ne, bai sa wa garken duka ba, ya fara da wasu 'yan bijimai. Cikin 'yan kwanaki fuskokinsu suka haye har idanu suka rufe, kumburin ya gangara wuya, suka mutu suna kakari. A daidai lokacin tarin yana ta tsallakawa daga wannan saniya zuwa waccan. Gaba kura, baya siyaki. Hamani ya ce laifin jiƙon ne, bai daɗe a madara ba. Ya sa aka yanka wata da ta kusa mutuwa, da hannun wani daban, ya jiƙa huhunta a ƙwarya, ya ce da zarar ya jiƙu za a bi garken duka, babba da yaro. Abarci ya ga huhun nan da aka ratayo ragowarsa a kan reshen geza. Ya fi na farko lalacewa.

Ya koma gida da la'asar, jikinsa a mace. Ya san in aka sa wannan abu a hancin shanun Samba, Samba zai dawo ya tarar da igiyoyi ne kawai. Ya zauna a gindin rumfa yana kallon ƙasa. Sai ya ji tari a bayansa, busasshe, guda ɗaya.

Bai juya nan da nan ba. Da ya juya, Wule tana tsaye a turkenta, ta ɗan ware ƙafafun gaba. Ya tashi ya kara kunnensa a haƙarƙarinta, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Gefen hagu yana amsawa kamar ganga, gefen dama kuwa shiru kamar an bugi buhun hatsi. Ɗakunan sun fara cika. Yau ta fara, ko jiya.

Azara tana tsaye a ƙofar bukka da ƙwaryar dusa a hannu. Ta ga fuskarsa, ta kuma san mijinta.

Ta ce, "Kada ka soma."

"Ban ce komi ba."

"Ba sai ka ce ba. Maigida, saurara. In ta mutu da kanta, ba mu da laihi wurin kowa. In ta tashi, muna da maraƙi. Tana ci, dubi, tana ci. Kai kaɗai ka ji tarin ga."

"Ke ma kin ji."

"Na ji, amma ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba, har da riƙe asiri." Ta ajiye ƙwaryar. "In ka sa mata wuƙa, maganar tsohon can ta tabbata. Za su ce kura ta ci ajiya. Ba mu ƙara shan ruwan rijiyar ga da mutunci, mu da ɗiyanmu. In kuma ka dasa huhunta, shanun sunka mutu hwa? Mi za ka ce ma Samba?"

Gaskiya ta faɗa, kowace kalma, kuma Abarci ya sani. Yana son saniyar nan, yana son abin da ke cikinta, kuma ya fi son kada Samba ya dube shi da idon da Hamani yake dubansa. Yin shiru ba zai ci masa komai ba. Al'ada da kanta ta ba shi mafaka.

Can ya ce, "Samba ya ba ni saniya guda don ya yarda da ni. In na tsare gudan, na bar sauran sunka ƙare ina kallo, mi na tsare mishi?"

Azara ta ɗauki ƙwaryar ta kai wa Wule, ta tsaya tana shafa farin goshinta har rana ta faɗi.

Da gari ya waye Abarci ya wasa wuƙa. Ya yi zaton shi kaɗai zai yi fama, sai ya ga Azara ta fito ta kwance igiyar da hannunta, idanunta sun kumbura. Wule ta bi ta salin-alin, don ta saba in an kwance ta ruwa za a kai ta. Mutumin da ya yanka dabbobin da ba sa ƙirguwa, ranar sai da ya yi bismilla sau biyu kafin ya sa wuƙar.

Ya buɗe ƙirjin da fargaba, don in ya yi kuskuren saurare to ya yi asarar banza. Ya ciro huhun dama ya tsaga. Ɗakuna reras, jajaye da masu ruwan toka, kowane a cike a tsaye, bangaye sun yi kauri suna ɗigar da ruwa rawaya garau, babu ko alamar wari. Bai taɓa ganin wanda ya kai shi kyau ba, kuma bai taɓa ƙin ganin abu kamarsa ba. Da ya zo kan mahaifa sai ya ce wa Azara ta shiga ɗaki. Ta ƙi. Maraƙin ya riga ya yi gashi, mace ce, da ɗan fari a goshi.

Ya sa huhun a sabuwar ƙwarya ya rufe da faifai, ya nufi ruga. Labari ya riga shi isa. Maza sun taru sun dogara da sanduna, babu wanda ya amsa sallamarsa sai Hamani, shi ma a ciki-ciki.

Hamani ya ce, "Ka yanka haɓɓanaye."

"Na yanka, Baffa."

"Tana tsaye."

"Tana tsaye."

Wani saurayi ya gyara riƙon sandarsa, Hamani ya ɗaga masa hannu. Abarci ya durƙusa ya ajiye ƙwaryarsa kusa da ta Hamani, ya buɗe faifan duka biyun, ya ja da baya. Tsohon ya sunkuya. Ya daɗe yana duban wannan yana duban waccan. Ya taɓa ruwan rawayan da yatsa ya shinshina. Shekarunsa a cikin shanu sun fi na Abarci a duniya, kuma ido ba ya ƙin abin da ya gani. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya je bayan geza ya kifar.

Ya dawo ya ce, "Za mu dasa wanga. Amma ka ji da kyau, mahauci. Ko shanun sun rayu ko sun mutu, abin da ka yi ka yi shi. Da bakina zan hwaɗa ma Samba."

Abarci ya ce, "Haka ya kamata."

Da huhun ya jiƙu aka yi aikin. Samari suna kayarwa, Abarci yana tsagawa yana cusawa, Hamani yana tsaye a kansa yana duban kowace tsaga. Naman Wule kuwa ko tsoka Abarci bai sayar ba, bai kuma kai bakinsa ba. Ya rabar sadaka ga matafiya, don a rugar babu wanda ya karɓa. Fatar ya shanya, ya naɗe igiyar ya ajiye.

Sai jira, kuma jiran ya fi yankan wuya. Hancunan shanu suka kumbura, suka daina kiwo, suka tsaya cirko-cirko a inuwa. Kullum da safe Abarci yana zagaya garken yana taɓa fuskoki. Wadda kumburinta ya nemi haurawa ido, sai ya zare guntun ya kewaye wurin da ƙarfen da ya yi ja a wuta. Wasu suka mutu, yawanci waɗanda ciwon ya riga ya shiga, kuma duk wadda ta faɗi sai idanu su juyo kansa. Rumfarsa ta zama kufai. Matan Fulani suka daina kawo wa Azara nono, in ta je rijiya sai a ba ta wuri fiye da yadda take buƙata. A hankali kumburin ya fara saɓewa, shanu suka koma kiwo, tarin ya yi ƙasa har ya ɗauke. Garkunan da ba a yi wa dashen ba, da waɗanda aka yi wa da ruɓaɓɓen huhu, angulu ce ta ci moriyarsu. Na Samba ya tsaya da ƙafafunsa. Duk da haka babu wanda ya zo ya ce wa Abarci sannu, shi ma bai sa rai ba. Mutum guda yake jira.

Samba ya dawo gab da faɗuwar ruwan farko. Ya sauka a ruga, ya ji abin da zai ji, sannan da yamma ya zo rumfar shi kaɗai. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gajiya, iyali, zafin rana, kowa yana kallon ƙasa. Abarci ya shiga ya fito da fatar da igiyar ya ajiye a gabansa.

Samba ya ce, "Baffa ya hwaɗa mani. Ina son in ji daga bakinka. Tana ci?"

"Tana ci."

"Da ta tashi?"

Azara tana bayan zana tana ji, ta ce a ranta ya ce a'a mana, wa zai ƙaryata shi. Abarci ya ce, "Wataƙila da ta tashi."

"Abin cikinta hwa?"

"Mace."

Samba ya warware fatar ya shimfiɗa a gwiwarsa, ya ɗora tafin hannu a kan farin goshin. Ya ce, "Uwata ta bar mani saniya guda. Wule ita ce ta ƙarshe cikin jinin saniyar nan. Ban ɗaura maka wadda ba ni so ba, Abarci."

Abarci bai san wannan ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa. Ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige, don ba da haƙuri ma ya yi wa maganar kaɗan. Samba ya naɗe fatar, ya ɗauki igiyar, ya miƙe ya kama hanyar rijiya. Abarci ya bi shi daga nesa, shi kansa bai san dalili ba.

Lokacin shayarwa ne. Shanun suka ji muryar mai su, suka taho suna tura juna. Samba ya miƙa hannu ya shafa fuskar ta farko yadda ya saba, hannunsa ya tsaya a kan ƙullun nan mai tauri. Ya shafa ta biyu, ga shi. Ta uku ma haka. Bai juyo ba ya ce, "Nan ka sa Wule?"

Abarci ya ce, "Nan. Kamar ƙwayar wake, kowace."

Samba ya shiga cikin garken yana bi ɗaya bayan ɗaya, har 'yan maruƙa, yana taɓa hancin kowace. Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, mutanen da ke wurin suka kawar da kai suka ba shi kunyarsa. Da ya gama ya fito, ya zo gaban Abarci ya miƙa masa igiyar.

"Riƙe wagga. Ba yanzu ba, zuciyata ba ta kwanta ba. Ban san ran da za ta kwanta ba."

Fatar ya tafi da ita. Da ruwa ya sauka rugar ta tashi ta yi arewa, Abarci ya rataye igiyar a turken da Wule take tsayawa. Damina ta wuce, rani ya zo, Samba ya shayar a wata rijiya daban. Wata daminar ta sake wucewa. Masu wucewa suna yi wa Abarci dariya, mahauci yana kiwon igiya, don yakan sauke ta lokaci-lokaci ya shafa mata mai kada ta bushe ta karye. Azara ta sha ce masa ya jefar, amma rannan da iska ta kayar da ita, ita ta tsinto ta ta mayar.

Wata safiya da kaka, yana tsugune yana leƙen huhun wani rago, mutane suna jira suna tsaki kamar kullum, sai inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai. Samba ne, bayansa wata karsana ja tana biye da shi babu igiya. 'Yar maraƙa ce lokacin da aka yi dashen, ƙullun yana nan a doron hancinta.

Samba ya ce, "Igiyar nan tana nan?"

Abarci ya tashi ya sauko da ita, hannunsa duk jini, ya goge a zane. Ya zagaya ta a wuyan karsanar, ya nemi ƙullawa, yatsunsa suka ƙi. Ya sake gwadawa, suka ƙi. Azara ce ta fito ta karɓi igiyar ta ɗaura.